Tsaftar Rikoda da Lafiyar Kunne a Gidajen Damagaram

Duk wanda ya san gidajen Zinder, tun daga Birni inda fadar Sarkin Damagaram take har zuwa Zango da Sabon Gari, ya san cewa rikoda ba ta ƙaura ba tukuna, ko da yake wayar hannu ta karɓe mafi yawan aikinta; domin a cikin akwatunan dattawa akwai kaset-kaset masu ɗauke da tilawar Abdulbasit Abdussamad da ta Mahmud Halil Husari, da tafsirin da malaman gari suka yi a watannin Ramadan da suka shuɗe, da waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo makaɗin fadar Damagaram, da na Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, har da saƙonnin da matafiya suka riƙa aikowa daga Libiya da Makka zuwa ga iyayen da ba sa karanta wasiƙa. Da yawa daga cikinsu ba su da na biyu a duniya, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a san yadda ake kula da na'urar da ke karanta su.

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a birnin Balin a 1963, bisa jagorancin injiniya Lou Ottens. Zaren da ke cikinsa leda ce siririya, faɗinta bai cika milimita 4 ba, an shafe ta da garin ƙarfe mai laushin gaske wanda ake rubuta murya a kansa da maganaɗisu. Sa'an nan zaren yana gogar kan rikoda da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kan kuwa yana karanta rubutun ta wata tsaga wadda ido ba ya iya gani saboda ƙanƙantarta. Wanda ya fahimci wannan zai gane abin da ƙurar hunturu ke yi wa rikoda a ƙasarmu, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke shiga ɗaki ko an rufe ƙofa da taga.

A nan ne, a ganina, asalin al'amarin yake. Idan dauɗa ta shiga tsakanin zare da kai, sautukan da ke fara ɓacewa su ne sirara, wato irin waɗanda ke rarrabe sinun da shinun da sadun a bakin mai tilawa, sai murya ta dushe, haruffa su cakuɗe, mai sauraro kuma, da yake bai san illar daga ina take ba, ya miƙa hannu ya ƙara murya. Alhali ƙarin ba ya dawo da abin da ya ɓace, ƙugi da hayaniya kawai yake haɓakawa, ya wahalar da lasifika, ya kuma ɗora wa kunne nauyin da bai kamata ya ɗauka ba. Maganin kuwa mai arha ne ƙwarai. A cire wuta, a sami auduga a kan tsinke, a ɗiga mata alkol irin na kantin magani, a goge kan a hankali, a goge sandar ƙarfen da ke jan zare da 'yar tayar robar da ke matse shi, har auduga ta daina fitowa da ja, a kuma jira su bushe kafin a sa kaset. Kada a kusanci kan da allura ko wuƙa, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta riƙa yankar kowane zaren da ya wuce. Ita tayar robar, in ta yi santsi ko ta yi danƙo, ita ce ke sa rikoda ta cinye kaset.

Zafin bazara, wanda a watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a Zinder, yana sassauta bel ɗin robar da ke cikin rikoda, har a ji mai karatu yana jan murya yana rawa da ita. Raunin batir ma haka yake yi, saboda haka a fara duba batir kafin a ɗauki na'ura zuwa wurin mai gyaran rediyo a kasuwar Dole. Kaset kuwa a ajiye shi a tsaye cikin gidansa, nesa da rana, nesa da bayan lasifika inda maganaɗisu ke iya shafe abin da aka ɗauka, a kuma ɓalle 'yan haƙoran da ke samansa don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kan karatun malami.

Amma rikoda, in ta lalace, ana gyara ta, ko a sayi wata, abin da ba ya yiwuwa ga kunne. A can cikinsa akwai gaɓa mai siffar dodon koɗi, ɗauke da ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000, su ne ke mayar da girgizar iska ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ana auna ƙarfin sauti da desibel: hira ta yau da kullum wajen 60 take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na sa'a 40 a mako, yaro kuma 75, masana lafiyar ma'aikata sun ce 85 kada ya wuce sa'a 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wa'adin biyu, ta yadda a 100 minti 15 kaɗai ya rage. Illar tana zuwa ne sannu, ba zafi ba jini, har ranar da mutum zai tarar yana jin ana magana a majalisa amma ba ya tantance kalmomi.

Ba sai da na'urar awo ba. Idan mutum biyu suna zaune, tsakaninsu bai wuce miƙa hannu ba, amma sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, to rikoda ta ƙetare haddi. Idan kuma bayan an kashe ta kunne ya ci gaba da ƙara ko ya toshe, wannan gargaɗi ne, in ya daɗe a nemi likita. Malamanmu sun lissafa ji cikin ni'imomin da bawa zai amsa tambaya a kansu, sun kuma tsananta a kan haƙƙin maƙwabci. Kuma a unguwa irin Birni, inda katanga ke jingine da katanga, muryar da ta cika tsakar gida ta riga ta isa ɗakin majiyyaci da na jariri a gidan da ke kusa, ko da abin da ake saurare wa'azi ne.