Malama, Yaushe Rabonki Da Yin Faransanci?

Ya ke 'yar'uwa malama, yau da ke na ke magana, ke da aka danƙa wa alli aka ce ki koya wa 'ya'yan mutane Faransanci. Sauran mata kuma kada ku ajiye jaridar, gama 'ya'yanku ne ke zaune a gabanta, akwai kuma saƙon da zan ba ku ku kai wa masu gida.

Ga tambayata. Yaushe rabonki da ki yi hirar minti 10 cur da Faransanci, ke da wani babba, ki faɗa ya amsa, ya faɗa ki amsa? Ban da karanta wa yara abin da ke cikin littafi, ban da rubutu a allo. In kin ce jiya, to madalla. Amma da yawa cikin malamai mata, in za su faɗi gaskiya, rabonsu da haka tun ranar jarrabawar baka ta ƙarshe a kwaleji. Sun karɓi takardar shaida, aka tura su makarantar da ba mai jin harshen sai su kaɗai, aka yi aure, aka yi haihuwa, shekara ta bi shekara. Nahawu yana nan daram a ka, baki kuwa ya yi nauyi. Malamar lissafi ko ta shekara 5 ba ta je kwas ba, biyu da biyu dai huɗu ne. Harshe ba haka ya ke ba, wuƙa ne, in an daɗe ba a yanka da ita sai ta yi tsatsa.

Kin kuwa san abin da ke biyo baya. Malamar da ta fara tsoron bakinta sai ta fake da allo. Ta shigo, ta juya wa yara baya, ta cika allo da jerin aikatau, ta ce a kwafa. Yara su kwafa, a buga ƙararrawa, kowa ya tashi. Shekara 3 ana haka, yarinya ta iya jera être da avoir kamar karatun allo, amma in baƙuwa ta gaishe ta, ta tambaye ta sunanta da garinsu, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabi. Uwayenta sun sayi littafi, ita ta ba da lokacinta, an tashi ba tsuntsu ba tarko.

Watakila wata ta ce, ina amfanin wahalar? In na je Maradi ko Damagaram ai Hausa zan yi. Gaskiyarki, har ma a 2025 hukumar Nijar ta ɗaga Hausa ta mai da ita harshen ƙasa. Amma ta bar Faransanci cikin harsunan aiki, takardun ofis da na asibiti da na makaranta kuwa galibi da shi aka rubuta su. Ga Kamaru, ga Chadi, ga Binin, duk maƙwabtanmu ne, duk suna aiki da shi. Ga hedkwatar ECOWAS nan Abuja, harsunanta na aiki Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. 'Yarki mai harshe biyu na boko ta fi mai ɗaya ƙofofin ƙwanƙwasawa. A 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka kuwa ƙara masa matsayi a tsarin karatu. Faɗa ba wuya. Wuyar ita ce samun malamin da zai tsaya gaban aji ya buɗe baki ya yi, musamman a makarantun 'yan mata, inda uwaye suka fi sakin jiki in mace ce ke koyarwa.

To, ina magani? Na farko dai malama ta koma ɗaliba, ba kuwa abin kunya ba ne. Ki tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Da ta kafa 'Yan Taru, ta kan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jaji ta koma ƙauyensu ta karantar da mata. Amma naɗin ba sallama ba ne. Jaji ta kan sake ɗauko hanya, da ayarin tsofaffi da 'yan mata, ta dawo wurin Nana ta ƙaro abin da za ta kai. Da ƙafa su ke wannan tafiya. Ke kuwa ga mota, ga waya a hannu.

Wuraren ƙaro ilmin suna nan. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta jihar Legas, kusa da iyakar Binin. Dalilin kafa shi, dā ɗaliban jami'a masu karatun Faransanci ƙasar waje a ke tura su su shekara cikin masu harshen, da kuɗin tafiya ya gagara sai aka yi musu wuri a gida inda za su kwana su tashi da Faransanci. Ba da daɗewa ba aka yi irinsa na Larabci a Ngala ta jihar Borno, saboda haka ke malamar Larabci, duk maganar nan har da ke. In kin taɓa zama Badagry kin san yadda bakinki ya saki a 'yan watannin nan, kin kuma san yadda ya koma bayan kin dawo. Ki sa shugabar makarantarku ta tambayo miki ma'aikatar ilmi labarin gajerun kwasa-kwasan malamai, kada ki zauna jiran takarda ta same ki har ɗaki.

In Badagry ta yi nisa, ga Alliance Française, ƙungiyar da aka kafa a Faris tun 1883, tana da reshe a Kano da Kaduna da Jos. Nan a ke shirya mutum ya ɗauki jarrabawar DELF, wadda ma'aikatar ilmin Faransa ta fito da ita a 1985. Matakan iya harshe 6 ne, daga A1 na ɗan koyo har C2 na gwani, DELF ta ɗauki 4 na farko. Abin da na ke so da ita, ba a cin ta da hadda. Za a gwada kunnenki, a gwada karatunki da rubutunki, sa'an nan a zaunar da ke gaban masu jarrabawa ki yi magana. A ganina malamar sakandare ta sa wa ranta B2. Takardar kuma in kin samu ta zama taki ke nan har abada, ba a sabunta ta. Akwai kuɗi, i, ba kaɗan ba kuwa ga mai albashin malanta. Amma mu mata da mu ke zubin adashi don kayan ɗaki da ankon biki, me zai hana malamai 5 ko 6 su yi zubi, kowace shekara a biya wa ɗaya ko biyu? Wadda kuma dabarun koyarwa ne suka yi mata ƙaranci, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, watau NTI, tun 1976 aikinta ke nan, horad da malami yana kan aikinsa ba sai ya bar gida ba.

Akwai kwas ɗin da ba ya cin ko sisi. Ku malaman Faransanci na gari ɗaya ku san juna. Ku riƙa haɗuwa gidan ɗayarku bayan kowane mako biyu, awa guda, da sharaɗin ba Hausa ba Turanci, wadda ta yi suɓul da baka ta ajiye tara a faranti a sayi alli da ita. Ranar farko za a sha dariya, za a kuma sha shiru. Zuwa haɗuwa ta huɗu sai an ce da wata ta bar wasu su ma su yi magana. In hali ya yi, ki je ki zauna bayan ajin 'yar'uwarki ki ga yadda ta ke yi, ita ma ta zo naki. Abin da sufeto ba zai gaya miki ba, ita za ta gaya miki a kunne.

Kunne ma yana son abincinsa kullum. Gidan rediyon Faransa, RFI, wanda ya buɗe sashen Hausa a 2007, yana da labarun duniya cikin sauƙaƙan Faransanci, minti 10 ne, ana kuma samun rubutaccensa a intanet. Ki sa shi kina yankan kuɓewa. Ji na farko ki saurara kawai, na biyu ki bi da ido a rubuce, na uku ki riƙa faɗa tare da mai karantawa kamar kina binsa salla. TV5Monde kuma suna da darussan da aka tsara wa malamai, da hoton bidiyo da takardar aikin yara, kyauta, an jera su mataki mataki. Ki sauke su a waya ranar da ki ke da data, ki nemi 'yar ƙaramar lasifika mai caji. Yaran da ba su taɓa jin Faransanci daga bakin kowa ba sai naki, ranar da suka ji wata murya dabam suka gane ko da kalma 3 ce, za ki ga yadda ajin zai motsa.

Mu komo kan kayan aiki. Na sha jin malamai suna cewa ba a ba mu kaya ba. Gaskiya ne, ba a bayar ba, a ci gaba da nema. Amma kafin a bayar, ki leƙa madafinki. Gwangwanin madara, kwalin sabulu, ledar taliya, da yawansu an rubuta bayaninsu da Turanci da Faransanci, don kaya ne masu ƙetare iyaka. Ki tara su a buhu, ki sa yara su ma su kawo. Ki jera su bisa tebur, kasuwa ta ci ke nan. Wannan mai kanti, wannan mai saye, a gaisa, a tambayi kuɗi, a yi ciniki, a ba da canji. Nan ne ƙidaya za ta zauna, ita da ke ba yara wuya, gama Bafaranshe 70 sittin da goma ya ke ce mata, 80 kuwa ashirin huɗu, 97 ashirin huɗu da goma sha bakwai. Kada yara su ga abin baƙo ne, kakanninmu ma da hauya su ke ƙirga wuri, ashirin ashirin. In ajinki na yara 80 ne, ba za ki iya jin kowa ba, kada ma ki gwada. Ki gwada cinikin da yarinya ɗaya a gaba, sa'an nan kowace ta juya ga ta kusa da ita su yi, ke kina zagayawa. Za a yi surutu. Ki riga ki gaya wa shugaba cewa surutun ajin harshe aiki ne.

Ki kuma ɗauko madubin jakarki, kayan aiki ne babba. Bahaushe ba ya raba p da f, ba shi kuma da v. Ga shi pain burodi ne, faim yunwa ce, beau kyakkyawa, veau maraƙi. Yaron da ya tashi yabon mutum ya kira shi maraƙi ai ya jawo magana. Ki ba yarinya madubi ta ga bakinta. A p da b leɓɓa haɗuwa su ke yi su rabu, a f da v haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa. Abin da bayanin awa guda bai yi ba, ido ya kan yi shi nan take. Wasalin u kuma, wanda ke raba dessus, watau bisa, da dessous, watau ƙarƙashi, ki ce su faɗi i, sa'an nan su tsuke baki kamar za su yi fito ba tare da sun motsa harshe ba.

Kada kuma ki kori Hausa daga ajinki kamar ɓarauniya, tana da ranarta. Turanci bai damu da jinsin tebur ko kujera ba, amma ɗan Bahaushe tun yana goye ya san riga mace ce, wando namiji ne, saboda haka le da la ba baƙin abu ba ne gare shi. Sai dai ki faɗakar da shi cewa jinsin ba ya bin namu: rana a wurinmu mace ce, a wurinsu namiji, wata kuwa namu namiji, nasu mace. Haka vous na girmamawa, ai shi ne ku da mu ke ce wa manya. Ki kawo musu kalmomin da 'yan'uwanmu na Nijar suka ara, lakwal makaranta, lokotoro likita, jandarma, su nemo asalinsu da kansu. In kin gaya musu cewa a can malamin makaranta mushe a ke ce masa, daga monsieur, ki ba su minti guda su gama dariya.

Saura saƙon masu gida. Ku mata ku karanta musu wannan bayan sun ci tuwo. Malam, in an kira matarka kwas na mako 2 ko na wata guda lokacin hutu, ba yawo za ta ba, wasa wuƙar sana'arta za ta yi, albarkar abin kuma gidanka za ta fara sauka, gama 'ya'yanka ne ɗalibanta na farko. In tana goyo, a haɗa ta da 'yar raino, ko ƙanwarka ta zo ta riƙe gida. Sau da yawa in takardar kwas ta zo makaranta namiji a ke rubutawa, wai don an san mace ba za a bar ta ba, tun ba a tambaye ta ba. Ku shugabannin makarantu kuma, ku daina ɗauke malamar Faransanci ku ba ta wani fanni don an rasa mai yi, ku bar mata darasinta a tsakiyar safiya ko sau ɗaya a mako, kada kullum ya zama na ƙarshe ran Jumma'a sa'ad da rabin aji ya riga ya ɗaure jaka.

Wadda ta ke da wata dabara da ta gwada a ajinta ta ga amfaninta, ta Faransanci ko ta Larabci, ta rubuto wa wannan fili, ta faɗi ajin da yawan yaran, za mu buga don sauran malamai su gani.