TSOFAFFIN 'YAN DAMBE DA MAGANIN ƘARA ƘARFI

Dambe irin na Turawa da hannu biyu a ke yinsa, ko wane hannu da safar fata, bisa wani dandamali mai kusurwa huɗu wanda aka kewaye da igiya. A kan raba 'yan damben aji aji bisa ga nauyinsu, don kada a haɗa ƙato da ɗan tsurut. Ajin da ya fi suna da kuɗi shi ne na masu nauyi, watau waɗanda suka haura laba 200, wajen kilo 91 ke nan. Wannan aji ba shi da iyaka ta sama. Ko mutum ya kai bajimi girma, ba mai ce masa ya rage.

Masu nauyi sun fi sauran 'yan dambe daɗewa a fage. Dalili kuwa, ƙaramin ɗan dambe da zafin nama ya ke cin abinci, zafin nama kuwa shi tsufa ya kan fara ɗauka. Amma ƙato da nauyin hannu ya ke taƙama, wannan kuwa ba ya barin mutum da wuri. Ga kuma tsohon suna, wanda ke cika ɗakin kallo ko da mai shi ya gaji.

George Foreman, mutumin Amurka, shi ya nuna iyakar abin da tsoho ya ke iyawa. Ya ci kambun duniya a 1973, Muhammad Ali ya ƙwace shi daga hannunsa a Kinshasa a 1974, ya bar dambe a 1977. Bayan shekara goma ya komo. A 1994, yana da shekara 45, ya kara da Michael Moorer, ɗan shekara 26. Yaron ya yi ta dukansa har turmi tara, a na goma sai Foreman ya sauke masa dama ɗaya, ya kai shi ƙasa, ya karɓi kambu. Ba a taɓa samun Foreman da laifin shan magani ba. Amma tun daga ranan nan ko wane tsohon ɗan dambe ya ga shi ma da sauransa.

To, jiki kuwa ba ya jin wannan magana. Akwai wani sinadari a jikin namiji, sunansa testostiron, shi ke gina tsoka. Daga wajen shekara talatin zuwa arba'in ya kan soma raguwa kaɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya bisa ɗari a shekara. Saurayi ya sha horo da safe, kafin la'asar ya wartsake. Dattijo kuwa sai ya kwana biyu gaɓoɓinsa na ciwo. Nan ne magani ya ke samun ƙofa. Waɗansu su kan yi allurar testostiron ɗin, ko 'yan'uwansa irin su nandirolon, don tsoka ta komo, gajiya kuma ta riƙa sakinsu da wuri. Waɗansu su nemi EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, don kada numfashi ya ƙare. Akwai kuma maganin sa fitsari, wanda ke iya wanke alamar sauran kafin ranar gwaji, shi ya sa shi ma aka hana shi.

An kama da dama. A 2005 James Toney, yana da shekara 36, ya ci John Ruiz a New York, ya ɗauki kambun ƙungiyar WBA. Da aka auna fitsarinsa sai ga nandirolon. Aka soke nasarar, aka mayar wa Ruiz da kambunsa. A 2014 Luis Ortiz, mutumin Kyuba, ɗan shekara 35, ya gama da Lateef Kayode na Nijeriya tun a turmin farko. Shi ma nandirolon aka samu, aka soke. A 2016 aka fasa karawar Alexander Povetkin da Deontay Wilder a Masko, sabo da an sami wani magani, meldoniyum, a jikin Povetkin. Sa'an nan ga Shannon Briggs, wanda ya ci Foreman da maki a 1997, a damben Foreman na ƙarshe. Bayan shekara ashirin shi ma ya kai 45, ya tashi neman kambu. Aka gwada shi a 2017, aka iske testostiron ya wuce kima, aka fasa wasan.

Abin lura shi ne, magani ya kan komo da tsoka, amma ba ya komo da ido. Naushin da mutum ya kan hango ya goce sa'ad da ya ke yaro, yanzu sai ya ji saukarsa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da tsokar da za a gina, ko wane duka da ta sha yana nan ajiye. Da can gajiya ce ke gaya wa tsoho lokacin ajiye safa ya yi. In an kashe bakin gajiya da allura, sai ya ƙara shekaru yana shan dukan da ba ya iya kaucewa. Ban da wannan, magungunan da kansu su kan kumbura zuciya, su taɓa hanta, EPO kuma ya sa jini ya yi kauri.

Ko maganin da likita ya bayar ya kan juya wa mutum baya. A 1980 Ali, yana da shekara 38, ya komo don ya kara da Larry Holmes. Ya yi ta shan wani magani mai suna Thyrolar, ƙiba ta zube, masu kallo suka ce ga Ali na da ya komo. Ashe ƙarfin ma ya zube tare da ita. Ya tsaya yana shan duka ba ramuwa, har mai horad da shi, Angelo Dundee, ya tsai da wasan bayan turmi na goma. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Akwai kuma haƙƙin abokin karawa. Mai tsere in ya sha magani, lamba ya sata. Ɗan dambe kuwa kan ɗan'uwansa ya ke duka da ƙarfin aro. Ana iya soke nasara a takarda, amma ba mai iya cire wa Kayode naushin da ya sha.

Me ya hana a kawad da abin? Dambe ba shi da sarki ɗaya. Manyan ƙungiyoyi huɗu ke ba da kambu, WBA, WBC, IBF da WBO, a Amurka kuma ko wace jiha da hukumarta. Gwajin daren wasa kaɗai ba ya kama mai wayo, gama ya san ranar da zai daina sha. Sabo da haka a 2011 wata likita, Margaret Goodman, ta kafa ƙungiyar VADA a Las Vegas, mai aika ma'aikatanta wurin ɗan dambe ba sanarwa, tun yana cikin horo. Ita ta kama Povetkin. Amma horon da a kan yi sau da yawa na 'yan watanni ne, ga shi kuwa babban ɗan dambe da ma sau ɗaya ko biyu ya ke fita a shekara. Muddin kuɗin dare ɗaya ya fi tara nesa ba kusa ba, ba za a rasa tsohon da zai miƙa hannu a yi masa allura ba.