Warin tina da sholisho: gubar da ake shaƙa a Kasuwar Litinin

Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da fenti, ko ya tsaya gun mai faci a kewayen Kasuwar Litinin ta Maiduguri, ya san wannan wari mai hawa kai. Warin tina ne da sholisho da gam ɗin takalma da fetur. Masu sana'ar kan ce sun saba, alhali hanci ne kaɗai ya saba.

Da irin waɗannan ruwaye masana'antu ke narkar da fenti da roba da gam, kuma halinsu saurin tashi. A bar gwangwanin tina a buɗe da safe, kafin la'asar ya ja baya, abin da ya tafi kuwa iska ya bi. A garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, abin ya fi tsanani. Tururin ya fi iska nauyi, shi ya sa yake kwantawa ƙasa-ƙasa, daidai inda yaron shago ke tsugune yana ɗura tina a gorar ruwa.

Kowane sinadari da ɓarnarsa. Tolwin, wanda ke cikin tina da sholisho, ƙwaƙwalwa yake taɓawa: ciwon kai, jiri, mantuwa. Don wannan juyewar kai ne wasu matasa ke shaƙar sholisho. Hekzen na cikin wasu nau'o'in gam yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Benzin, wanda fetur ke ɗauke da shi, yana illata ɓargo, kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana jawo sankarar jini. Tun a shekarun 1970 wani likitan Turkiyya, Muzaffer Aksoy, ya nuna yadda cutar ta yawaita a tsakanin masu ɗinkin takalma na Istanbul, saboda gam mai benzin.

Ga kuma haɗarin wuta, domin tartsatsi ɗaya ya ishi wannan tururi. 'Yan kasuwar da gobarar 26 ga Fabrairu, 2023 ta cinye musu dukiya sun san yadda wuta ke gudu a cunkushen shaguna.

Kariyar ba ta da tsada. A rufe gwangwani da zarar an ɗiba. A yi feshin fenti a sarari. A daina wanke hannu da fetur ko tina, domin fata ma tana tsotsewa. Ƙyallen rufe hanci ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake yi.

Sauran aikin na hukuma ne. NESREA, wadda aka kafa a 2007 don kare muhalli, da shugabannin kasuwa, su ware wa waɗannan kaya wuri mai iska, nesa da masu abinci, a kuma hana sayar da su a gorar da ba rubutu. Yaron da aka kawo koyon sana'a amana ne, kuma lafiyarsa na cikin amanar.