Za ka ajiye aiki ka koma karatu? Fara duba asusun fanshonka

Ma'aikacin da ya samu gurbin ƙaro karatu yakan yi lissafin kuɗin makaranta da na haya da cefanen iyali. Wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne asusun fansho.

A ƙarƙashin dokar fansho ta Najeriya ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, mai ba shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na ajiyar ritaya. Hukumar PenCom ce ke sa ido, kamfanonin kula da fansho kuma su juya kuɗin. Tsarin duka a kan albashi yake tafiya, don haka ranar da albashi ya tsaya, zubin ma ya tsaya.

Wanda aka ba hutun karatu da albashi ba shi da matsala, za a ci gaba da cire masa kamar kullum. Wanda ya tafi hutu ba albashi, ko ya yi murabus, asusunsa ba ya ɓacewa. Kuɗin da ke ciki na nan, ana juya su, lambar asusun kuma tasa ce ko da ya sauya wurin aiki. Sai dai ba sabon kwabo da zai shiga. Idan karatun na shekara uku ne, ya rasa zubin wata 36, da ribar da zubin zai haifa har zuwa ranar ritaya.

Doka ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu ba aiki, damar cire kashi 25 na abin da ya tara. Kafin ya nemi wannan don biyan kuɗin makaranta, ya tuna irin shuka ne zai dafa ya ci.

Mai niyyar tafiya ya nemi a rubuta masa irin hutun da aka ba shi. Ya karɓi bayanin asusunsa, ya tabbatar an zuba duk watannin da ya yi aiki. Idan da hali, ya riƙa ƙara zubin ganin dama ta hannun ma'aikatarsa tun albashi na zuwa. Ma'aikacin jiha kuwa ya tambayi hukumar fanshon jiharsa, domin jihohi kamar Kano da Jigawa suna da nasu tsarin.