Jitar lantarki: Me ya sa makaɗa ke sauya kayan cikinta?

Idan aka zare wayar jitar lantarki daga na'urar ƙara sauti, da ƙyar wanda ke bakin ƙofa zai ji amonta.

Dalili kuwa shi ne, saɓanin garaya ko gurmi da ƙwarya da fata ke fito da muryarsu, akasarin jitocin lantarki katako ne tilo marar rami. Muryarsu na fitowa ne daga wata 'yar na'ura da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda makaɗa ke kira fikof, wato maɗaukin sauti.

Wannan ne ya sa makaɗin da bai gamsu da jitarsa ba, yakan fara tunanin sauya wannan na'ura kafin ya yi tunanin sayen sabuwar jita.

Yadda take aiki

Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, siririya kamar gashin kai. A jitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fito da ita a 1954, naɗin yakan kai kimanin sau 8,000.

Da zarar tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a saman maganaɗisun, sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikin naɗin. Ita ce ke bin waya zuwa na'urar ƙara sauti, sannan ta fito ta lasifika.

Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan ƙa'ida a 1831. Shekaru 100 bayan haka, George Beauchamp ya yi amfani da ita a Amurka wajen ƙera jitar da kamfanin Rickenbacker ya shiga sayarwa.

Iri biyu

Maɗaukin sauti mai naɗi ɗaya yana da murya garau, mai kaifi. To sai dai kuma yana kwaso ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye da shi, daga fitilu, da taransifoma, da wayoyin bango.

Don magance haka ne wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar wata fasaha a 1955. Ya jera naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda ƙugin ɗaya zai kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuwa ya ƙaru.

A 1957 aka fara sanya wannan mai naɗi biyu, da ake kira hambaka, a jitar Les Paul. Muryarsa ta fi kauri da ƙarfi, amma ba ta kai ta mai naɗi ɗaya kaifi ba.

Haka lamarin yake a ko'ina cikin wannan sana'a: kowace riba da tata asarar. Idan aka ƙara yawan naɗi, sauti zai ƙara ƙarfi, amma zaƙin siraran muryoyi zai ragu.

Kasuwar kayan sauyi

A shekarun 1970 ne sauya maɗaukin sauti ya zama kasuwa mai zaman kanta. Larry DiMarzio ya fito da samfurin Super Distortion a birnin New York a farkon shekarun, yayin da aka kafa kamfanin Seymour Duncan a jihar Kalifoniya a 1976.

Kamfanin EMG kuma ya yi suna da irin wanda ke aiki da batir mai bolt 9, wanda ƙuginsa kaɗan ne, amma idan batirin ya mutu sai jita ta yi shiru.

Fitaccen misali shi ne marigayi Eddie Van Halen, wanda ya ɗauki mai naɗi biyu na Gibson ya dasa a gangar jita mai siffar Stratocaster. Ya kuma tsoma shi a narkakken kakin kyandir, domin kada naɗin ya riƙa motsi yana haddasa ƙara mai huda kunne.

Ba shi kaɗai ba ne

Wani kuskure da sababbin makaɗa kan yi shi ne su kashe kuɗi kan maɗaukin sauti, su manta da sauran kayan da ke cikin jitar.

Alal misali, abin murɗawa na ƙara sauti ko rage shi yana da awonsa. Bisa al'ada, mai naɗi ɗaya na tafiya da mai kilo-om 250, mai naɗi biyu kuma da mai kilo-om 500. Idan aka haɗa mai naɗi biyu da ƙaramin awo, muryarsa kan dusashe.

Wakazalika, lulluɓe ramin wayoyi da fallen jan ƙarfe na rage ƙarar da ke shigowa daga waje. Sau da yawa kuma matsalar ba ta wuce ramin soka waya da ya saki ba, ko wani liƙin dalma da ya tsage, abin da mai gyaran rediyo zai iya gyarawa cikin mintoci.

Akwai ma gyaran da ba ya cin ko sisi. Da sukurdireba ana iya ɗaga maɗaukin sauti ko a sauke shi. Idan ya matso tsirkiya ainun, maganaɗisun zai riƙa janta, sauti ya mutu da wuri. Idan ya yi nisa kuma, sai ya yi rauni.

Ga mai tsohuwar jita ta asali, lissafin daban ne. Ana sayar da Les Paul ƙirar 1959 kan dubban ɗaruruwan daloli, kuma cire mata kayanta na asali na karya darajarta.

Batun rai

Wutar da ke cikin jita kanta ba ta kai ta cutar da mutum ba. Haɗarin yana wajen na'urar ƙara sauti.

Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wayar da ke kai wuta ƙasa. Shi ya sa ƙara kan ragu idan makaɗi ya ɗora hannu a kansu. Amma idan na'urar ta sami matsala, ko an cire mata wannan waya, jikin makaɗin ne zai zame wa wutar hanya.

A 1972, makaɗin jita Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a birnin Swansea na Birtaniya, bayan da ya taɓa makirufon da wuta ta shiga. A 1976 kuma, Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita.

Wannan gargaɗi ya shafi yankinmu kai tsaye. A Jamhuriyar Nijar, jitar lantarki ta zama ruwan dare a bukukuwan Abzinawa, musamman a Agadez, kuma makaɗa irin su Bombino da Mdou Moctar sun kai wannan kiɗa ƙasashen duniya. Galibi a irin waɗannan bukukuwa a fili ake kiɗa, da wutar janareta da dogayen wayoyi da aka ja a ƙasa.

Don haka, kafin makaɗi ya ba da kuɗinsa a sayo masa sabon maɗaukin sauti daga ƙetare, ya kamata ya fara da sababbin tsirkiyoyi, ya daidaita tsawon wanda yake da shi, sannan ya kai na'urar ƙara sautinsa wurin ƙwararren mai gyara ya duba wayoyinta.