Ina Gudun Yake Tafiya Idan Aka Taka Birki?

Duk wanda ya taɓa hawa bayan ɗan kabu-kabu a birnin Sakkwato ya san wannan lamari. Kun taso daga Gawon Nama za ku kasuwa, ana tafe ana shan iska, sai akuya ta yanko ta shigo titi. Mai babur ya take birki. Kafin ka ce kwabo ƙirjinka ya bugi bayansa, hularka ta yi gaba ta bar ka. Ka waiwaya, babu kowa a bayanka. To, wa ya tura ka?

Amsar tana cikin darasin da ake koya wa 'ya'yanmu a ƙaramar sakandare, darasin ƙarfi da motsi da makamashi. Yara da yawa haddace shi suke yi saboda jarrabawa, ranar da aka karɓi takarda su bar shi a aji. Alhali kuwa da wuya a sami darasin da ya fi shi kusa da rayuwar Basakkwace, domin shi ne ke aiki a kan titi tun daga asuba har dare, kuma rashin saninsa yana cin rai.

Mu fara da mai turin da ba a gan shi ba. Gaskiya ita ce babu wanda ya tura ka. Babur ne ya tsaya, jikinka kuwa ya ci gaba da tafiyar da yake yi, domin birki taya ya kama, bai kama ka ba. Ɗabi'ar kowane abu ke nan: wanda ke tsaye ba ya motsawa sai an sa masa ƙarfi, wanda ke tafe kuma ba ya tsayawa ko ya karkata sai wani ƙarfi ya tilasta masa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin cewa abin da aka jefa zai yi ta tafiya in ba don abin da ke tare shi kamar iska ba. Galileo na Italiya ya gwada hakan da ƙwallaye a kan katako mai gangare, sannan Isaac Newton na Ingila ya tsara shi a 1687 a matsayin ta farko cikin ƙa'idojin motsi guda uku.

Mai karatu zai ce ai ba haka muke gani ba, domin keken da aka daina taka wa feda da kansa yake tsayawa. Ba da kansa ba ne. Gogayya ce ke tsayar da shi, wato gugar da ke tsakanin taya da ƙasa, da tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da kuma iskar da yake ketawa. Jifa ma da ake cewa komai nisansa ƙasa zai faɗo, janyowar ƙasa ce ke dawo da shi. Gogayyar nan ita ce ke cinye takalmi da taya, amma kuma ita ce ke ba mutum damar tafiya ba tare da zamewa ba. Babu gogayya, babu birki.

Ƙa'ida ta biyu mai tura kurar ruwa ya fi kowa saninta, ko da bai taɓa shiga aji ba. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Idan ya jera jarkoki goma masu cin lita 25, yana tura kilo 250 ke nan, ban da kurar kanta. Da ya juye ruwan a gidaje, hannu ɗaya ya ishe shi komawa. Abu mai nauyi yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya ɗauki gudu, kuma yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya tsaya. Shi ya sa za ka gan shi a gangare ya turje ƙafa ya jingina da baya, yana roƙon a ba shi hanya. Ya san kura mai lodi ba ta jin magana.

Ta uku kuma a bakin gulbin Rima ake ganinta. Mai kwalekwale ya kafa gora a ƙasan ruwa ya tura baya, jirgi ya yi gaba. Duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka. Haka yake a haɗari. Idan babur ya yi karo da tirela, bugun da tirela ta sha daidai yake da wanda babur ya sha. Bambancin a nauyi yake. A ƙaddara tirela ta ɗauko buhu 600 na siminti daga Kalambaina, kowane buhu kilo 50, tan 30 ke nan, a haɗa da jikin motar ya kai wajen tan 45. Babur da mutum biyu a kai bai wuce kilo 250 ba. Ta ninka shi kusan sau 180. Bugun da direban tirela zai ji kamar ya taka ɗan dutse, shi ne zai yi jifa da mai babur zuwa ɗaya gefen titi.

Yanzu mu zo kan makamashi, wanda shi ne zuciyar maganar. Makamashi shi ne abin da ake kashewa a yi aiki, kamar yadda ake kashe kuɗi a yi ciniki. Kuma kamar kuɗi, hannu yake sauyawa. Masana sun tabbatar tun ƙarni na 19 cewa ba a ƙirƙirarsa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, siffa kawai yake canzawa. Hasken rana ya sauka a gona, gero ya adana shi, aka dama fura, mai kura ya sha, ya mayar da ita motsi. Man fetur ma ajiya ce ta hasken rana da ƙananan halittu suka tara tun miliyoyin shekaru.

Ruwan da ke kwance a bayan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ajiyar makamashi ne saboda tudun da yake kai. Yana kwance shiru kamar ba ya iya komai. Amma mutanen Sakkwato sun ga abin da ruwa ke yi idan ya samu motsi, a ambaliyar watan Satumba na 2010 da ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A wannan jami'a ce kuma aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982. Aikinta duk a kan wannan sauyin siffa yake: mayar da zafin ranar da muke kuka da shi a watan Afrilu ya zama girki da busar da amfanin gona, mayar da haskenta ya zama lantarki kamar yadda aka gwada a ƙauyen Kwalkwalawa, da mayar da kashin dabbobi ya zama iskar gas.

To idan makamashi ba ya ɓacewa, ina gudun mota yake tafiya idan aka taka birki? Zafi yake komawa. Wanda ya taɓa kai hannu kusa da ƙafar mota bayan doguwar tafiya ya ji hucin. Birki ba komai yake yi ba illa ƙone gudu ta hanyar gogayya. Wannan ne dalilin da ya sa babbar motar da aka yi wa lodi fiye da kima take iya rasa birki a gangare: zafin da ake tara masa ya fi wanda yake iya fitarwa, sai ya daina kamawa. In kuma birki bai samu damar ƙone gudun ba, makamashin yana nan, dole sai ya sauka a wani wuri. Sai ya sauka a kan ƙarfe ya lanƙwasa shi, a kan gilashi ya tarwatsa shi, a kan ƙashi ya karya shi.

Ga kuma abin da direbobi da yawa ba su sani ba. Makamashin abu mai tafiya ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan ka ninka nauyi sau biyu, makamashin ya ninku sau biyu. Idan ka ninka gudu sau biyu, sau huɗu yake ninkuwa. In sau uku ne, ya zama sau tara. A 1722 wani masani ɗan ƙasar Holan, Willem Gravesande, ya nuna hakan ta hanyar sako ƙwallayen tagulla a kan yumɓu yana auna zurfin ramin da suka yi. Ba gwajin da ya fi ƙarfin makarantunmu ba ne, domin yumɓu ba ya wuya a fadamun Sakkwato.

Mu sa lissafi a kan kwalta. Daga lokacin da ido ya ga yaro ya shigo titi zuwa lokacin da ƙafa ta kai ga birki, akan ɗauki wajen daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 40 a awa ya ci mita 11 a wannan daƙiƙa, sannan a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau birki ya ci kamar mita 9. Jimilla mita 20. Mai gudun kilomita 80 kuwa ya ci mita 22 kafin ya taɓa birki, birkin ya ci mita 36, jimilla 58, fiye da rabin filin ƙwallo. Lura da kyau: a daidai wurin da na farko ya tsaya cak, na biyu ko birki bai kai ga takawa ba. Idan yaron yana mita 20 a gabansu, ɗaya zai leƙo ta taga ya yi masa faɗa, ɗaya kuma zai same shi da cikakken gudunsa.

Wannan lissafi na titi mai kyau ne. Namu kuwa iska tana shimfiɗa masa yashi, musamman a kwana da gefen hanya, kuma yashi a ƙarƙashin taya kamar tsaba ce a ƙarƙashin ƙafa. Ruwan farko na damina yana taso da man da ya ɗiga a kwalta duk tsawon rani, titi ya yi santsi. Hazon hunturu yana rage nisan gani. Tayar da ta suɗe ba ta da abin kama ƙasa. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙara tsawon mitocin nan yake yi.

Akwai wata hanyar auna bugu da kowa zai gane. Karo da bango a gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Nijeriya ta sa wa motoci a cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, wato kamar saman bene mai hawa uku. A gudun kilomita 100 tsawon ya koma kusan mita 40. Babu uban da zai tsaya a bakin rufin bene yana wasa da ɗansa, amma kullum ana ganin wanda ya ɗora yaro a kan tankin babur, wani a tsakiya, uwarsu a baya da goyo, ya murɗe totur.

Hular kwano da bel ɗin mota ba sa kawar da makamashin, jinkirta saukarsa suke yi. Ka saki ƙwai a kan siminti ya fashe, ka sake shi a kan tarin auduga ya tsira, alhali gudun faɗuwar ɗaya ne. Auduga ta ba shi ɗan lokaci ya tsaya a hankali. Abin da soson cikin hular kwano yake yi wa kai ke nan, shi ne kuma abin da bel yake yi wa ƙirji. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular a watan Janairun 2009, an ga masu babur da suka riƙa kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu. Ƙwarya tana iya ruɗin jami'i daga nesa, amma kwalta ba ta ruɗuwa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma babu abin da ya fi su kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mun yi imani da ƙaddara, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali. Na sha jin dattijo a bayan babur yana cewa, "Yaro, sassauta, ba gobara za mu kashe ba," a amsa masa da "Baba, kar ka damu, na ƙware." Ƙwarewa tana gyara riƙon kan babur, amma ba ta rage ko taku ɗaya daga mitocin da birki ke buƙata.

Kirana ga malaman kimiyya shi ne su fito da wannan darasi daga allo. A kai yara filin makaranta da kura da jarkoki, a sa su tura ta wayam, a sa su tura ta da lodi. A kawo yumɓu da dutse, a sako daga mita ɗaya, a sako daga mita huɗu, su auna ramin da hannunsu. A auna musu mita 20 da mita 58 a ƙasa, su taka su gani. Yaron da ya taka waɗannan mitoci da ƙafarsa zai tuna da su ranar da aka miƙa masa makullin babur.

Ku kuma 'yan'uwa masu abin hawa, idan kun zo ƙofar makaranta, ko bakin kasuwa, ko gaban masallaci ranar Juma'a, ku tuna cewa rage rabin gudu yana zubar da kashi uku cikin huɗu na bugun. Mintuna biyu ko uku ne za ku rasa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mana hanya.