Hawan Keke a Lokacin Iska Mai Ƙarfi

Jama'a, keke shi ne dokin talaka. Da shi ake zuwa gona da kasuwa da asibiti, da shi yara ke zuwa makaranta. To, amma akwai wani abokin gaba da masu keke ba su cika kula da shi ba, wato iska. Iska takan kayar da mutum ya karye, ko ta tura shi gaban mota. Saboda haka ya kamata mu san halinta, mu san yadda za mu kare kanmu.

Iskokin da ke damun mai keke

Ta farko ita ce iskar hadari, wadda ke zuwa a farkon damina, wajen watan Mayu da Yuni. Yawanci daga gabas take tasowa, ta riga ruwa isowa, tana tafe da jar ƙura. Gudunta kan wuce kilomita 60 a awa ɗaya, alhali mai keke da kaya da ƙyar yake yin kilomita 15. Ke nan ba a tsere da hadari a kan keke.

Ta biyu iskar hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tana busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar hamada, musamman daga ƙasar Chadi. Ba ta kai ta hadari ƙarfi ba, amma hazonta kan hana direba hango mai keke.

Ta uku ita ce guguwar bazara. Ta huɗu kuwa iskar manyan motoci ce, irin su tirela da tanka.

Me ya sa iska ke kayar da mutum?

Keke ƙafa biyu gare shi. Abin da ke hana shi faɗuwa shi ne, duk lokacin da ya karkata, mahayi kan ɗan juya kan keken wajen da ya karkata, ya miƙe. Hannu ke yin haka ba tare da an yi tunani ba. Idan iska ta bugo daga gefe, sai mahayi ya jingina jikinsa wajenta don kada ta ture shi. Matuƙar tana busawa bai ɗaya, babu damuwa. Haɗarin yana wajen iskar da ke bugowa ta tsaya, ta sake bugowa. Da ta tsaya farat ɗaya, sai mutum ya tafi wajen da ya jingina, kamar wanda ya dafa ƙofa aka buɗe ta.

A kuma sani, idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta ninkawa yake yi sau huɗu. Haka nan, yawan faɗin abu, yawan turin da yake sha. Ɗauki faifai ka tari iska da fuskarsa, sannan ka juya mata gefensa, za ka ji bambanci. Shi ya sa Hausawa ke cewa iska na wahalar da mai kayan kara.

Kafin ka tashi

1. Dubi gabas. In hadari ya haɗo ya yi baƙi, dakata.
2. Naɗe babbar riga ka ɗaure ta, ko ka cire ta ka sa a jaka. Riga mai faɗi tana tara iska, tana kuma shiga taya.
3. Ɗaure kaya a kan kariya, mai nauyi a ƙasa, dama da hagu daidai wa daida. Kada kaya su yi tsawo su wuce kafaɗarka.
4. Kada ka rataya jarka ko buhu a kan keke ta gaba. Iska za ta bugi kayan ta juya maka kan keken.
5. Langa-langa da katifa da tabarmi da damin kara, a bar su sai ranar da iska ta kwanta.
6. Gwada birkin gaba da na baya, ka tabbata tayoyi suna da isasshiyar iska.

A kan hanya

Riƙe kan keke da hannu biyu. Riƙe shi sosai, amma kada ka sandare. Bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, don in iska ta bugo ka iya gyarawa. Sunkuya kaɗan, domin ka rage faɗin da iska ke samu. Rage gudu, amma kada ka daina taka feda, gama keken da ke tafiyar hawainiya ya fi tangaɗi. In hularka ta tashi, kada ka kai mata cafka. Tsaya tukuna, sannan ka koma ka ɗauka. In za ka kama birki, kama biyun a hankali. Birkin gaba shi kaɗai a kan yashi kayarwa yake yi.

Lura da wuraren da iska ke kwanton ɓauna: kan gada, kan madatsar ruwa, ƙarshen gari inda katanga ta ƙare, da tsakanin gidaje ko itatuwa. Hanyar da ta miƙe kudu da arewa, kamar ta Kano zuwa Daura, iskar hadari daga gefe take bugun mai tafiya a kanta.

Batun manyan motoci

Tun shekarar 1972 motoci a Nijeriya ke bin hannun dama, haka ma ake yi a Nijar. Saboda haka mota ta hagunka za ta wuce ka. In iska daga damanka take, tana tura ka tsakiyar titi ne. In kuwa daga hagu take, ka jingina hagu, to, da tirela ta zo daidai da kai za ta tare iskar, sai ka ji ka tafi wajenta. Ko ta ina, akwai haɗari. Da ka ji ƙugin babbar mota ana iska, sauka daga kwalta, ka sa ƙafa ƙasa har ta wuce.

In abin ya fi ƙarfinka

Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. In kana goye da yaro ko mara lafiya, kada ma ka jira ta yi tsanani. Nemi gini mai ƙwari ka fake. Kada ka tsaya gindin doguwar bishiya, saboda aradu da karyewar reshe. Nisanci turakun lantarki da tsohuwar katanga da rufin kwanon da ya saki. In ka hango guguwa ta nufo hanya, tsaya ka ba ta wuri. Iskar hadari ba ta cika daɗewa ba. Haƙurin ɗan lokaci ya fi jinyar wata uku a wajen mai ɗori.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma koya wa yaran da ke zuwa makaranta a kan keke. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye mu, amin.